Ku Tambaya Mu Amsa: Rama ko ƙibar yaro na taɓa karatunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Yarona shekararsa 7 yana aji biyu a firamare, siriri ne tun yana ƙarami kuma duk sa'anninsa sun fi shi tsayi, ga shi jarabawar zangon nan ya zo kusan na ƙarshe malaminsa yace baya maida hankali. Uwar mijina tace ramar ce ta toshe masa kai, wai in siyo masa maganin ƙiba a kemis irin wanda mata ke sha. Wai da gaske in yaro yayi ƙiba kansa zai buɗe? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumussalam yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Maganin nan dai kar ki soma. Yawancin abin da ake cewa sha ka fashe ɗayan biyu ne, ko dexamethasone ko cyproheptadine. Na farkon kumbura fuska da ciki yake yi ki ɗauka ƙiba ce, alhali yana karya garkuwar jiki yana tada sugan jini, kuma in aka daɗe ana ba yaro tsayin ma da kike nema shi zai tsayar. Na biyun yana buɗe ciki amma barci yake sawa, kinga yaron da dama ake kuka da shi a aji sai ya koma gyangyaɗi.

Amma fa Hajiya uwar mijinki bata yi kuskure gaba ɗaya ba, a lallaɓa ta. Abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki ba ramar bace, maganar tsayin ce. Akwai siririn gado, uba siriri kaka siriri, yaro na cin abincinsa yana guje-gujensa, wannan ba ruwansa da ƙwaƙwalwa, da yawa ma su ke ɗaukar na ɗaya. Akwai kuma tsumburewa, wato yaro ya gaza kai tsayin shekarunsa saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan laulayi, zawo yau zazzaɓi gobe, tun daga ciki har ya cika shekara biyu, lokacin nan da ma'aikatan lafiya ke kira kwanaki 1000 na farko. A lokacin ne ƙwaƙwalwa ke girma da gudu, abin da ya hana ƙashi miƙewa ita ma baya ƙyale ta. Kuma matsalar a gidanmu take, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure suke, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne, shi yasa ma idonmu ya saba har muke cewa ai ƙaramin jiki ne da shi.

Kar ki karaya. A Kingston ta ƙasar Jamaika an bi wasu yara tsumburarru tun wajajen 1986, ma'aikatan lafiya na zuwa gida duk sati suna koya wa iyaye mata wasa da hira da yaran, bayan shekara 20 aka tarar waɗanda aka yi wa hakan suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran tsumburarrun da ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Eh jarirai ne su lokacin da aka fara, to wannan ya fi shafar ƙannensa in akwai, amma shi ma ɗan shekara 7 zama da shi kan littafi da tatsuniya da tambayarsa me aka koya yau ba aikin banza bane.

Ki kai shi asibiti a auna tsayi da nauyi a duba a katin girma, sannan ki roƙi gwajin jini. Ƙarancin jini yana cikin ɓarayin hankalin yara a aji, a wancan binciken na 2018 kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka samu da shi. A duba sikila in ba a taɓa yi ba tunda masu ita kan kasance sirara, a bashi maganin tsutsar ciki, in yana wanka a kududdufi ki lura da fitsarinsa ko akwai jini saboda tsargiya. A gwada ido da kunne ma, yaro nawa aka zane a kan daƙiƙanci alhali allon ne baya gani.

Abinci kuwa ba sai na gwangwani ba. Ƙosai da koko kafin ya fita, wake, awara, ƙwai, kunun gyaɗa, zogale, hanta ko busasshen kifi in Allah ya hore, gishirin girki ya zama mai aidin. A rage masa baƙin shayi tare da abinci don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, lemo ko gwaiba bayan cin abinci su ke taimakawa.

Tambaya: Salam Anti, ni tawa akasin ta mutane ce, 'yata shekararta 10 tana da jiki sosai, da tana ƙoƙari amma yanzu ta ja baya, barci take a aji kuma kullum sai an yi rigima kafin ta tafi makaranta. Wani abokina yace min dama kitse na danne ƙwaƙwalwa. Haka ne? Daga wani uba a Kano.

Amsa: Malam, abokinka ya faɗi abin da ba a tabbatar ba. Binciken da aka yi a Amurka da Ingila sun ga yara masu ƙiba sosai kan ɗan yi ƙasa a maki in an haɗa su jimla, amma tazarar kaɗan ce kuma tana ƙara raguwa in aka sa halin gida da karatun iyaye a lissafi. Ni abubuwa biyu da ka faɗa su suka ja hankalina, barcin da ƙin makarantar.

Ka saurare ta da dare, tana minshari? Numfashin na ɗaukewa sai ta zabura? Ƙiba da kumburin ƙululun maƙogwaro kan toshe hanyar iska cikin barci, yaro ya kwana a gado amma ya tashi kamar bai runtsa ba. Sa'anninta na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, in kuma waya na kwana a hannunta to ka san inda za ka fara. Ƙin makarantar kuwa ina kyautata zaton tsokana ce, yara basu da linzami a baki, a kira yarinya buhu ko 'yar lukuta sau biyu uku shikenan ta daina ɗaga hannu a aji, wani lokacin ma a cikin gida ake fara kiran sunan da sunan wasa. Mamanta ta zauna da ita ta tambaye ta a hankali, in haka ne a je a samu malamin ajin.

Kar a hana ta abinci ko a sa ta azumin dole, girma take. Lemon kwalba da biskit da taliyar leda ta kullum za a rage, kuma gidan gaba ɗaya ba ita kaɗai ba don kar ta ga horo ne. Mai jiki ma na iya samun ƙarancin jini, a gwada ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na minti 60 kullum, mu kuma 'ya'yanmu mata daga boko sai islamiyya sai cikin ɗaki, a bar ta tayi tsallen igiya da 'yar gala-gala a tsakar gida. In kun ji minsharin ka ɗauke shi a waya ka kai wa likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya saurara.