Tambaya da Amsa: Me ya hana jihohin Amurka ɗaukar nauyin jinyar kowa?

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ƙanina yana karatu a Amurka, kullum muka yi waya kukansa tsadar asibiti. Ni abin da ya ɗaure min kai, tunda an ce kowace jiha tana da gwamnanta da majalisarta da harajinta, me ya hana wata jihar ta ce ita kam za ta ɗauki nauyin jinyar mutanenta gaba ɗaya ba sai ta jira gwamnatin tarayya ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ai an gwada, ba sau ɗaya ba. Jihar Bamont ce ta fi kowa nisa, a 2011 har doka suka yi, amma a ƙarshen 2014 gwamna Peter Shumlin da kansa ya fito ya ce a bar maganar, don da aka buga lissafi sai aka ga sai an ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata harajin kashi 11.5 cikin ɗari na albashin da suke biya, ga kuma wani na daban a kan kuɗin shigar mutane. A Kolorado an kai maganar akwatin zaɓe a 2016, kusan mutum 8 cikin 10 suka ce ba sa so. Kalifoniya kuwa duk arzikinta, da aka ƙiyasta dala biliyan 400 a shekara a 2017 sai aka jefa ƙudurin a durowa.

To amma ni a ganina ba tsadar ce babbar matsalar ba, kuɗin ai ana kashe su dama, matsalar ba a hannun jiha suke ba. Tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama shirin Medicare ne ke biya musu, na tarayya ne zalla, Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi kuma haɗin gwiwa ne tsakanin tarayya da jiha. Jiha ba ta isa ta kwaso kuɗin nan ta zuba a asusu ɗaya ba sai Washinton ta lamunce, kuma gwamnatin da ta ce eh yau wata na iya zuwa gobe ta ce a'a.

Sai wata doka ta 1974 da ake kira ERISA, wadda ta hana jiha tsoma baki a tsarin manyan kamfanonin da ke biyan jinyar ma'aikatansu daga aljihunsu. Miliyoyin mutane kenan an ɗaure wa jiha hannu a kansu, tana taɓawa lauyoyi sun garzaya kotu.

Ga shi jiha ba ta buga dala, kuma kusan dukkansu doka ta tilasta musu daidaita kasafi duk shekara, in tattalin arziki ya karye haraji ya ragu, ciwo kuwa ba ruwansa. Kuma babu shinge tsakanin jihohin, mara lafiya zai iya tarewa jihar da ake magani kyauta, attajiri da kamfani su tattara su koma maƙwabta gudun haraji.

Wani zai ce ai a Kanada daga lardi ɗaya aka faro, Saskachewan a 1962, har likitoci suka yi yajin aiki na kwana 23. Gaskiya ne, sai dai a lokacin babu wannan sarƙaƙiyar kamfanonin inshora da dokokin tarayya a gabansu.

Shi kuma ƙanin naki ki ce ya leƙa ofishin ɗalibai ya tambayi inshorar makarantarsu, ya karanta abin da ta ɗauka da wanda ba ta ɗauka ba tun kafin ciwo ya kai shi asibiti.