Tambayoyinku kan Waya da Kwamfuta: Me Sabuwar Waya Ta Ƙara wa Makaho?

Wani ɗan kasuwa daga Bukuru ya rubuto: "Yarona ya yi wasa da wayata, yanzu duk abin da na taɓa sai wata mata ta yi ta surutu da Turanci, kuma komai ya ƙi buɗuwa. An ce min kutse aka yi min."

Alhaji, kwantar da hankalinka, matar nan ba ta san ko sisin da ke asusunka ba. TalkBack ne yaron ya kunna, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allon waya. Danne maɓallin ƙara sauti da na ragewa tare, ka riƙe daƙiƙa 3. In ya ƙi, ka bi ta Settings zuwa Accessibility ka kashe shi: taɓawa ɗaya zaɓe ne, biyu da sauri buɗewa, jan allo kuma da yatsu biyu. Kada ka yarda mai gyara ya karɓi kuɗin filashin a kan wannan.

Wata ɗaliba daga Farin Gada: "Kwalin wayata an rubuta RAM 8+8, amma tana tsayawa kamar tsohuwata."

Ƙanwata, 8 gare ki. Ɗaya takwas ɗin aro ne daga ma'ajiyar waya, kuma ma'ajiya ba ta kai RAM sauri ko kusa ba. Goge manhajojin "wanke waya" guda uku da na tabbata kin ɗora, ki bar aƙalla kashi 15 cikin 100 na ma'ajiyar a buɗe.

Sai wasiƙar da ta riƙe ni wannan makon. Ta zo ne da saƙon murya daga wani malamin makaranta a Anguwan Rogo. Ya ce shi makaho ne, ya yi karatu a Gindiri, yana riƙe da iPhone SE ta 2020, batirinta ya gaji. 'Yan'uwa sun yi masa karo-karo, suna so ya sayi sabuwa fil. Tambayarsa: "Shin sababbin nan akwai abin da suka ƙara mana, ko kyamara ce kawai ake ta yi wa ado?"

Malam, Allah ya saka wa 'yan'uwan nan da alheri, amma ka ce su dakata da kuɗin tukuna. Hasashenka ya yi daidai, kuma abin yana ci min tuwo a ƙwarya. Ka saurari duk wani bikin ƙaddamar da waya: hasken allo, yawan megafiksel, siririn jiki, sabon launi. Kusan duk abin da ake caje ka kuɗi a kansa na ido ne. Allon da ke sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, kai da kake rufe allon ɗungurum da Screen Curtain, wane amfani zai yi maka?

Babban sauyin da makafi suka gani ya faru tun 2009, lokacin da Apple ya saka VoiceOver, muryar da ke karanta wa makaho allo, a iPhone 3GS, Google kuma ya fito da TalkBack a shekarar. Kafin nan gilashi mara maɓalli bango ne ga makaho. Daga baya aka samu rubutun burel a kan allo, a iPhone cikin 2014, a Android sai 2020. Duk waɗannan manhaja ce, ba ƙarfe ba. Haka ma abubuwan da suka fi burge mutane a 'yan shekarun nan. Be My Eyes, wadda ke haɗa ka da mai gani ta kiran bidiyo, tun 2015 take, kuma a 2023 ta ƙara Be My AI mai kwatanta hoto dalla-dalla. Seeing AI ta Microsoft, mai faɗa maka abin da kyamara ta gani, ta fito a 2017, ta iso Android a ƙarshen 2023. Lookout ta Google, mai irin wannan aikin, tun 2019. Kyauta ne dukansu, kuma Be My Eyes da Seeing AI suna aiki a kan wannan SE ɗin da ke aljihunka, wadda har iOS 26 ta karɓa. Aikin kwatanta hoton Be My AI a intanet ake yinsa, don haka abin da yake nema data ne da sabis mai ƙarfi, ba sabuwar waya ba.

A ɓangaren ƙarfe kuwa, sau da yawa rage muku aka yi. An cire ramin iyafis tun iPhone 7 a 2016, sauran kamfanoni suka bi sahu a manyan wayoyinsu. Mai gani zai ce ai ga bulutut. To bulutut yana da ɗan jinkiri tsakanin taɓawa da fitowar murya, kuma wanda ke shafa allo sau ɗaruruwa a yini yana jin wannan jinkirin a jikinsa. Ga shi wani abin caji ne na daban, a garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. An cire maɓallin gida a iPhone X a 2017, sannan a farkon 2025 Apple ya daina sayar da SE, wadda ita ce ta ƙarshe mai shi. A Android kuma aka tura na'urar karanta yatsa ƙarƙashin gilashi, wurin da babu tudu babu kwari. Mai gani yana hango da'irar da ke haske, makaho sai lalube. Wannan koma-baya ne, ko da me suka kira shi a talla.

Abu guda na ƙarfe da zan yarda ya cancanci kuɗi shi ne LiDAR, ƙaramar na'urar da ke auna nisa da haske, wadda ke bayan iPhone masu sunan Pro tun daga 12 Pro ta 2020. Da ita manhajar Magnifier ke gaya maka akwai mutum a gabanka da tazarar da ke tsakaninku, ta gano ƙofa, ta ce a buɗe take ko a rufe, ta karanta rubutun da ke jikinta. A iOS 17 aka ƙara Point and Speak: ka nuna maɓallin injin da yatsa, waya ta karanta abin da aka rubuta a wurin. Yana da amfani a asibiti ko sakatariya mai dogon baranda da ƙofofi iri ɗaya. Amma yana shan batir sosai, wayar tana zafi, kuma ba a yi shi don buɗaɗɗen kwalbati ko Keke Napep da ke fitowa ta bayanka a Terminus ba. Sandarka tana nan a matsayinta. Ka lura kuma, na ce tun 12 Pro. Ke nan 13 Pro ta hannu mai lafiya za ta ba ka wannan aikin kamar yadda sabuwar bana za ta ba ka.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wanda babu kamfanin da ya taɓa a bikinsa: harshe. VoiceOver ba shi da muryar Hausa. Saƙon da matarka ta turo maka a WhatsApp, muryar Bature ce za ta tauna shi, ta mayar da "ƙofa" wani abu dabam, ta yi tuntuɓe a kan ɗ da ɓ, har sai kunnenka ya koyi fassara kwaɓar. Makafinmu sun saba, amma sabo ba gyara ba ne. Google ya ƙara Hausa a rubutu da murya na Gboard a 2024, wato ka yi magana waya ta rubuta. Wannan ci gaba ne na gaske ga mai Android, kuma shi ma bai buƙaci sabuwar waya ba. A Android ka gwada muryar Turancin Najeriya a saitin Text-to-speech, ka ɗan rage saurinta, ta fi ta Amurka sauƙin ji a kan sunayenmu.

Na biyu, manhajojin bankunanmu. Ka sayi wayar miliyan biyu, ka buɗe manhajar banki, murya ta ce "button, button, button", don mai rubuta manhajar bai sa wa maɓallan suna ba. Aikin 'yan mintuna ne a wurinsa. Ka koma USSD, lokaci ya ƙare kafin murya ta gama karanta zaɓi. Ka je wurin mai POS, injin ya koma gilashi zalla babu ɗigon da ke kan lamba 5, dole ka faɗa wa wani lambar sirrinka a bainar jama'a. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman an sa mata hannu tun Janairun 2019, akwai kuma hukumarsu ta ƙasa a Abuja. Ku rubuta ƙorafi a ƙungiyance, da sunan manhaja da shafin da ya gagara. Kafin a gyara, ka kunna Screen Recognition a cikin saitin VoiceOver Recognition, yana ƙoƙarin gane maɓallan da ba su da suna. A TalkBack kuma kana iya raɗa wa maɓalli suna da kanka daga menu, ya riƙe.

To ga shawarata. Fara da duba Battery Health. In ya sauka ƙasa da kashi 80, canza batir kawai, ka ja wa mai gyara kunne kada ya taɓa maɓallin gida, domin an ɗaure shi da injin cikin wayar, in aka musanya shi karanta yatsa ya tafi ke nan. In kuwa ka ƙudura sai ka canza, nemi 13 Pro ko 14 Pro ta hannu. Ka buɗe About a ƙarƙashin General ka ji ko akwai "Unknown Part", ka yi rajistar Face ID, wato buɗe waya da fuska, nan take a shagon, don wayoyin hannu da yawa nasu ya mutu. Ragowar kuɗin ya tafi kan fawa-bank mai 20,000mAh da data.

Masu saya wa makaho Android, ku ji da kyau. Kada RAM na gaskiya ya gaza 6GB, kada ku kusanci Android Go mai 2GB, TalkBack zai riƙa jan ƙafa. Ku zaɓi mai karanta yatsa a gefe, mai ramin iyafis, mai lasifika biyu. Ku tambayi shekarun sabuntawa: Pixel 8 da Galaxy S24 an yi musu alkawarin shekara 7, kuma ta wannan hanyar sababbin abubuwan makafi ke isowa. Bayan saye, ku cire manhajar murya da Be My Eyes daga jerin waɗanda tsimin batir ke kashewa, don wasu wayoyin suna rufe su a ɓoye.

Kuma ga abin da nake nanatawa kullum: kada a saya wa makaho waya ba ya nan. A je da shi shagon a Ahmadu Bello Way, a kunna muryar, a ba shi minti 10 ya buga kira, ya rubuta saƙo, ya buɗe kulle sau biyar. Mai shagon da ya hana, a wuce na gaba.

Wani direba daga Dilimi: "Da asuba wayata tana mutuwa a kashi 30, da rana kuma lafiya lau."

Sanyin Jos ne ya haɗu da tsohon batir. Sanyi yana rage ƙarfin da batirin lithiyam ke iya bayarwa, sai waya ta ɗauka ya ƙare. Daina kwana da ita a mota, sa ta a aljihun ciki, ka canza batir kafin hunturu ya kankama. Kuma kada ka gasa ta a bakin kaskon mai shayi, na san ka yi niyya.

Wata Hajiya daga Rikkos tana tambaya ko ta sayi waya mai naɗewa don ta ga ta kishiyarta.

A'a, Hajiya. Ƙurar hunturu da maƙalar naɗin ba sa shiri, kuma kuɗin canza allon ciki zai saya miki wata wayar sukutum.