Ana belin mutum tun ba a kama shi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatun haɗa magunguna a Indiya. Sun yi cacar baki da wani ɗan ƙasar a ɗakin kwanan ɗalibai, har ta kai ga mari, wancan ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Yanzu wai in turo kuɗin lauya a nema masa beli, alhali ba a kama shi ba. Mu dai a saninmu, sai mutum yana hannu ake belinsa. Riɗin da na ajiye zan kai kasuwar Gujungu in sayar, shi ya sa nake tambaya. Wani uba, daga Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Yaronka bai shara maka ƙarya ba, Indiya tana da wannan tsari. Wanda ke fargabar za a kama shi yana iya zuwa kotun Seshon ta gunduma ko Babbar Kotun jiha, ya roƙi umarnin cewa in an kama shi a sake shi a kan beli. Da can sashe na 438 ne na dokar tsarin shari'ar laifuka ta 1973, daga 1 ga Yulin 2024 ya koma sashe na 482 na sabuwar dokar da suke kira BNSS. Baƙo ma yana da damar nema.

Amma kada ka kwance bakin buhu tukuna. Wannan beli na laifukan da ba a bayar da belinsu kai tsaye ne. Mari ko naushin da bai bar babban rauni ba, hukuncinsa bai wuce ɗaurin shekara 1 ko biyan tara ko duka biyun ba, kuma belinsa haƙƙin mutum ne tun a caji ofis. In nan ƙarar ta tsaya, kotu ma za ta ce buƙatar ba ta taso ba. Inda ake samun matsala, mai ƙara kan ƙara gishiri, ya ce an zaro wuƙa an yi masa mummunan rauni. Da an rubuta haka, magana ta canza, neman belin ya zama dole, kuma da gaggawa.

Saboda haka ka ce ya turo maka hoton takardar ƙarar, wadda suke kira FIR, lauya ya faɗi sassan da aka rubuta a ciki. Lauyan da ya fara da maganar kuɗi kafin wannan, ni ban yarda da shi ba.

In an ba shi belin, akwai sharuɗɗa: ya amsa kiran 'yan sanda duk lokacin da suka neme shi, kada ya tsorata shaidu ko ya lallashe su, kada ya bar Indiya sai da izinin kotu. Wato zuwa gida hutu sai alƙali ya yarda. Ka ja masa kunne kada ya bi yaron nan da kansa da sunan ban haƙuri, don ana iya juya shi a ce barazana ce, a soke belin. Sulhu ya bi ta hannun lauya da hukumar makaranta, kuma ya sanar da ofishin jakadancin Najeriya da ke New Delhi.