Ina sauran gas ɗin inna ya tafi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a nan Tawa, bana zan zauna jarrabawar bak, ta kammala sakandare. An koya mana Q = m × c × ΔT, sai na ce bari in gwada shi a gida. Innata tana sayar da kunu, kullum takan tafasa ruwa lita 10 a kan gas, kuma butelin nan ba a dafa komai da shi sai ruwan kunu. Na lissafa daga digiri 25 zuwa 100, na samu kilojul 3,135. Littafinmu ya ce kilo guda na gas yana ba da wajen kilojul 45,000, ke nan butelin kilo 6 ya kamata ya tafasa tukunya 86. Amma inna ta ce da ƙyar yake kai ta wata guda, tukunya 30 ke nan. Ni na ɓata lissafin, ko kuwa ba a cika mana butelin ne? Na biyu, tambayar nan da ake jefa ƙarfe mai zafi cikin ruwa a ce mu nemo digirin ƙarshe tana ba ni wahala. Allah ya ƙara sani.

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Ba ki ɓata komai ba. Lita 10 na ruwa kilo 10 ne. Harafin c na ruwa kilojul 4.18 ne, wato zafin da kilo guda na ruwa yake sha kafin ya ƙaru da digiri ɗaya. Harafin m nauyin ruwan ne, ΔT kuwa tazarar digiri. Daga 25 zuwa 100 tazarar digiri 75 ce. In kin buga 10 × 4.18 × 75 za ki samu 3,135 ɗin nan taki. (Littattafanku na faransanci waƙafi suke sawa inda na sa ɗigo, 4,18 da 4.18 duk ɗaya ne.) Ita ma 86 daidai take a kan takarda. Sai dai ki lura da abin da Q yake ƙirgawa: zafin da ya shiga cikin ruwan ya ɗaga digirinsa, shi ke nan. Abin da wuta ta fitar lissafi ne daban. Kamar hatsi ne, kin auna wanda ya shiga rumbu, ba ki auna wanda aka girbe a gona ba, kuma tsakanin gona da rumbu akwai hanya.

Bari mu bi gas ɗin mu ga inda yake zubewa.

Da fari ita kanta tukunyar tana da rabonta. A ce ta alminiyom ce, irin wadda maƙera suke zubawa, mai nauyin kilo 2. Shi alminiyom c ɗinsa 0.90 ne, don haka 2 × 0.90 × 75 ya ba da kilojul 135. Wannan bai taka kara ya karya ba, bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da ruwan ya sha ba. Amma a takardar jarrabawa in an ba ki nauyin tukunya, to so ake ki sa ta. Jimla yanzu 3,270.

Babbar ɓarna tana gefen tukunya. Gobe in inna ta kunna risho, ki kawo tafin hannunki kusa da cikin tukunyar daga waje, kada ki taɓa. Iskar nan mai zafi da za ki ji tana tasowa tana wuce hannunki gas ne da aka saya da kuɗi, yana ɗumama rufin madafa. Rishon gas na gida, ko da mai kyau ne, wajen rabin zafinsa yake kaiwa cikin tukunya. In a tsakar gida ake girkin, iskar hunturun Tawa tana kaɗa harshen wutar gefe guda, abin da zai shiga bai ma kai rabi ba. Murhun duwatsu uku ya fi wannan asara nesa ba kusa ba, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai yake kaiwa. To mu ɗauki rabi. Don ruwa da tukunya su samu 3,270, sai gas ya ƙona 6,540. Ki raba 270,000 na butelin, wato 6 × 45,000, da wannan, tukunya 41 za ki samu. Kin ga 86 ta riga ta karye biyu tun ba mu zo wurin da na fi zargi ba.

Wurin da na fi zargi shi ne bayan ruwan ya tafasa. Na san yadda aikin kunu yake: ruwa ya tafasa, ita kuwa inna tana can tana tace ƙullu, ko wani yaro ya zo da kwano yana sallama, wuta tana ci, tukunya a buɗe tana ta ɓararraka. Ki tsoma ma'aunin zafi a wannan lokacin, za ki tarar ya tsaya cak wajen digiri 99 zuwa 100, ko da kin ƙure wutar. ΔT ya zama sifiri, lissafinki zai ce ba zafin da yake shiga, alhali gas yana ƙonewa. Zafin yana shiga, amma aikin da yake yi yanzu shi ne raba ƙwayoyin ruwa da juna su tashi su zama tururi. Wannan aiki kuwa da tsada. Kilo guda na ruwan da ya riga ya kai digiri 100 sai ya sha kilojul 2,260 kafin ya ƙone ƙurmus ya zama tururi. Kawo wannan kilo gudan daga 25 zuwa 100 kilojul 313.5 kawai ya ci. Ninki bakwai da ɗoriya ke nan.

Wani likita kuma masanin sinadarai, Joseph Black, shi ya fara bayyana wannan a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sikotilan wajen 1761 zuwa 1762. Ya lura ƙanƙara tana shan zafi tana narkewa amma digirinta bai motsa ba, ya kira abin ɓoyayyen zafi. Shi ne kuma ya nuna cewa abubuwa biyu masu nauyi ɗaya ba sa shan zafi daidai, wanda daga nan c ɗinki ya samo asali. Shi kuwa jul da muke aunawa da shi sunan James Joule ne, mutumin Ingila, wanda a shekarun 1840 ya yi ta juya ruwa da filafilai yana auna ɗan ɗumin da ya ƙaru.

Mu dawo madafa. In lita guda ta ƙone daga cikin 10 kafin a dama, ki ƙara 2,260 a kan 3,270, ya zama 5,530. Ki ninka biyu saboda asarar gefe, 11,060. Butelin kilo 6 zai ba da tukunya 24. To 30 ɗin inna tana tsakanin 24 da 41, daidai inda mai lissafi zai sa rai. Ni dai ban ga alamar ha'inci a wannan adadin ba.

In kuma hankalinku bai kwanta ba, sikeli zai raba gardama. A jikin kowane buteli, yawanci a wuyansa ko a mariƙinsa, an buga nauyinsa in ba gas a ciki. Ranar da aka sayo cikakke ki ɗora shi a sikeli, ki cire wancan adadin, abin da ya rage shi ne gas. Da sikelin nan kuma za ki iya gwajin da ya fi na ɗakin gwaje-gwajen makaranta daɗi. Ki auna butelin yau, ki sake auna shi bayan tukunya 10, don gas ɗin tukunya guda ya yi kaɗan sikelin kasuwa ya gane shi. A ce kin tarar kowace tukunya ta ci gram 150. Wato 0.150 × 45,000, kilojul 6,750. Ki raba 3,135 da 6,750, ki samu kashi 46 cikin 100. Wannan shi ne ingancin rishonku, ba na littafi ba.

Abin da za ki gaya wa inna kuwa ɗan kaɗan ne. Ta rufe tukunya da murfi, ta gama tace ƙullu kafin ruwa ya tafasa, da ya tafasa ta rage wuta, ta kare risho daga iska. In kunun na yamma ne, a shanya ruwan a rana cikin baƙar jarka mai tsabta, wadda ba a taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki ba. Ko digiri 45 ya kai, an rage 10 × 4.18 × 20, kilojul 836, fiye da rubu'in aikin ke nan, kuma kyauta. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, shekaru ya yi yana shugabantar ONERSOL, hukumar makamashin hasken rana, kuma cikin abin da suka ƙera a can har da na'urorin ɗumama ruwa da rana. Lissafinsu na farko bai wuce wannan da kike yi ba.

Yanzu tambayarki ta biyu. Kafin mu jefa ƙarfen a ruwa, ki juya lissafin: ΔT = Q ÷ (m × c). Ki ba kilo guda na abubuwa huɗu kilojul 100 kowanne. Ruwa zai ƙaru da digiri 24. Man gyaɗa, mai c wajen 2, zai ƙaru da 50. Busasshen rairayi, mai wajen 0.8, da 125. Ƙarfe, mai 0.45, da 222. Zafi ɗaya aka ba su, kowa da yadda ya nuna. Shi ya sa a watan Afrilu da azahar rairayin bakin tafkin Tabalak yake ƙona ƙafa, ruwan kuwa ana shiga ciki lafiya lau, duk da rana ɗaya ce take dukansu. (Akwai ƙarin dalili: rana saman rairayi kawai take gasawa, shi kuwa ruwa yana gauraya, yana kuma fitar da tururi.) Cikin abubuwan da muke taɓawa yau da kullum da wuya ki samu wanda ya kai ruwa shan zafi, don haka shi ake zuba wa lagireton mota.

To ga maƙeri ya tsoma ƙarfe mai gram 500, mai zafin digiri 200, cikin ruwa kilo 2 mai digiri 25. Ƙa'idar ɗaya ce: zafin da ƙarfe ya saki shi ne ruwa ya sha, in mun ɗauka ba wanda ya tsere. Kuma a ƙarshe su biyun digiri ɗaya za su tsaya, mu kira shi T. Ƙarfe ya sauko daga 200 zuwa T, ruwa ya hau daga 25 zuwa T.

0.5 × 0.45 × (200 − T) = 2 × 4.18 × (T − 25)

Hagu ya zama 45 − 0.225T, dama ya zama 8.36T − 209. Ki tara masu T gefe guda: 254 = 8.585T. Ke nan T digiri 29.6 ne. Ƙarfe ya faɗo da digiri 170, ruwa bai hau da 5 ba.

Inda ɗalibai suke tuntuɓe a nan shi ne cikin baka biyun nan. Wanda ya rubuta (T − 200) a hagu ya bar (T − 25) a dama zai samu amsar da ta gaza 25, wato ruwan ya ƙara sanyi bayan an jefa masa ƙarfe mai zafi. In kina son ki riƙa rubuta digirin ƙarshe a cire na farko a ko'ina, kamar yadda yawancin malamai suke so, to sai ki ce Q na ƙarfe a tara da Q na ruwa daidai yake da sifiri. Duk wadda kika bi cikin hanyoyin biyu amsa ɗaya ce, kada dai ki haɗa rabin wannan da rabin waccan. In kin gama ki dubi T da ido: tilas ya faɗa tsakanin 25 da 200, kuma ya fi kusa da wanda m × c ɗinsa ya fi girma.

Sauran tarkon ƙanana ne amma suna cin maki. In c yana cikin jul a kan gram, nauyi ya zo da gram, in yana cikin kilojul a kan kilo, nauyi ya zo da kilo. Kada ki ƙara 273 a kan ΔT, tazarar digiri 75 a ma'aunin Salsiyas ita ce 75 a na Kelbin. Lita guda kilo guda ce a ruwa kawai, litar man gyaɗa wajen gram 920 take.

Tunda bak za ki zauna, ga yadda abin yake zuwa a ɓangaren sinadarai. Za a ce an haɗa mililita 50 na asid HCl da mililita 50 na NaOH, sodar nan da mata suke haɗa sabulu da ita, kowanne mol ɗaya a lita (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne), cikin kofin da ba ya sakin zafi, ma'auni ya hau da digiri 6.8. Nauyin da za ki sa shi ne na ruwan gaba ɗaya, gram 100, ba 50 ba, c kuwa na ruwa ake ɗauka. 100 × 4.18 × 6.8 ya ba da jul 2,842. Mol 0.05 ne ya haɗu, in kin raba za ki samu wajen kilojul 57 a kowane mol. Ruwan ne ya sha wannan zafin, haɗuwar asid da soda ce ta sake shi, saboda haka in an tambaye ki na haɗuwar sai ki rubuta −57, da alamar ragi a gabansa.

In kuma aka ba ki ƙanƙara mai digiri −10 aka ce ki kai ta digiri 30, kada ki buga ΔT na 40 a tashi ɗaya. Zango uku ne. Daga −10 zuwa sifiri da c na ƙanƙara, 2.1. Narkewa a kan sifiri, kilojul 334 kowane kilo, ba ΔT a nan. Sannan daga sifiri zuwa 30 da 4.18. A kilo guda 21 ne da 334 da 125.4, jimla kilojul 480.4. Ki gaida inna, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.