Amsa kan kuɗin karanta binciken da gwamnati ta biya

Malam, ka tambaya me ya sa ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa zai biya dala kafin ya karanta binciken da aka yi da kuɗin jama'a. Wallahi da gaskiyarka.

Turai ta fara gyara. A 2018 aka fito da tsarin Plan S, wanda ya ce daga 2021 duk binciken da hukumomin da suka shiga suka ɗauki nauyinsa, a sake shi kyauta a intanet.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Manyan mujallu sun juya kuɗin kan marubuci, wani sa'in dubban daloli. Malami a nan Katsina, da wannan albashin, ina zai samo? Kafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta tilasta wa kowa sakin bincikensa kyauta, ta fara gyara rumbunan ajiyar bincike na jami'o'inmu. Yanzu dai leƙa AJOL, shafin intanet na mujallun binciken Afirka, da yawa kyauta ne.