Amsa ga ƙanenmu da aka kira a waya a kan abin da ya rubuta

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena na ga tambayarka tun daren jiya, kace ka yi rubutu a Facebook a kan asibitin garinku da ba likita ba magani, washegari wata baƙuwar lamba ta kira ka aka ce ka goge ko ka ga abin da zai biyo baya, shi ne kake tambaya wai da gaske ne hukuma tana ganin duk abin da muke rubutawa har na cikin WhatsApp, kuma ka goge ne ko ka bari. Da farko na so in yi shiru tunda akwai lauyoyi a gidan nan da suka fi ni sani, amma na ga amsoshin sun rabu gida biyu, wasu na cewa tsoratarwa ce kawai ba abin da zai faru, wasu kuma na cewa ai ko tari ka yi a ɗaki suna ji. Wallahi duka biyun ba haka bane, kuma ni abin ya faru a kaina shi yasa zan yi dogon bayani, ka yi haƙuri ka karanta.

Ni sana'ata haɗa sola ce. Shekara uku da suka wuce ina admin na wani gurup na 'yan garinmu, mun kai mutum ɗari biyu. Na je aiki wani ƙauye na tarar da makarantar firamare iska ta yaye rufin aji uku, yara na zaune a ƙasa rana na dukansu, ga allon kwangila a bakin ƙofa an rubuta an gama gyara. Raina ya ɓaci, na ɗau hoto na tura gurup, na rubuta magana mai zafi har na kama suna nace wane ya cinye kuɗin. Kwana tara ba abin da ya faru har na manta. A rana ta goma wani abokina da muke sayen batir tare ya kira ni yace in zo wani gidan mai akwai aiki babba, muryarsa dai ba yadda na saba jinta ba amma ban kawo komai a raina ba. Ina isa na gan shi zaune a bayan wata mota ƙirar Hilux kansa a ƙasa, mutum biyu cikin kayan gida suka riƙe min hannu suka karɓe wayata. Daga baya yake faɗa min da asuba suka ɗauke shi a gaban matarsa, suka ce masa sun duba layina sun ga shi na fi kira, ya kira ni ko ya kwana a madadina.

A ofishin da aka kai ni aka buɗe wani fayil a kan tebur, takardu ne aka buga, sikirinshot na abin da na rubuta a gurup, shafi huɗu. To ka san WhatsApp yana nuna sunan mutum ne yadda mai wayar ya ajiye shi. Sunan da na gani a saman rubutuna a takardar nan ba sunana na gaskiya bane, laƙabi ne da 'yan ajinmu na firamare kaɗai suke kirana da shi, ba su fi mutum shida ba a gurup ɗin. Har cajin wayar ana gani a sama, kashi 23. Wallahi ɗaurin da aka yi min bai min ciwon da wannan takardar ta yi min ba. Ba wata na'ura daga Turai da ta fasa WhatsApp ɗina, wanda muka ci tuwo a kwano ɗaya ne ya danna maɓalli biyu ya tura. Da ɗan gari akan ci gari.

Shi yasa duk wanda ya tambaye ni nake fara ce masa, saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga wayarka zuwa wayar wanda ka aika wa, kamfanin layi ba ya iya karanta shi a hanya, wannan gaskiya ne. Amma kullewar ba ta da amfani idan mutum ɗari biyu ne ke riƙe da makullin. Gurup kasuwa ce. Haka kuma in wayarka ta shiga hannunsu suka sa ka buɗe, shikenan komai na nan, har hotunan iyalinka.

Amma kar wani ya ɗauka cewa hukuma ba ta da kayan aiki, tana da su, kuma ba ɓoyayyen abu bane. Tun 2013 zamanin Jonathan jaridar Premium Times ta fallasa kwangilar dala miliyan 40 da aka ba kamfanin Elbit na Isra'ila don sa ido a kan intanet. A watan Disamba 2020 masu bincike na Citizen Lab da ke jami'ar Toronto a Kanada suka fitar da rahoto suka sa Najeriya a jerin ƙasashe 25 da ake ganin suna amfani da na'urorin kamfanin Circles, wanda da lambar wayarka kawai zai iya gano inda kake, ya saurari kiran waya, ya karanta tes. A ƙarin kasafin kuɗi na 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA wajen naira biliyan 4.8 da sunan bibiyar WhatsApp da wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan adam, a rubuce yake majalisa ta amince. Sai dai irin waɗannan kayan masu tsada ne, a ganina ba kan ni da kai ake fara kunna su ba. Abin da ake kama talaka da shi ya fi wannan sauƙi, layinka ne. Tun Disamba 2020 aka fara tilasta haɗa layi da NIN, kenan kowane sim yana da suna da hoto da zanen yatsa a bayansa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan kira na shekara biyu, wa ka kira, yaushe, minti nawa, kuma wane ƙarfen sabis wayarka ta kama a lokacin. Kuma canza sim ba ya ɓoye ka, wayar kanta tana da lambarta ta IMEI, duk layin da ka sa a ciki ana ganin waya ɗaya ce.

Yadda aka yi min da abokina ma ba a kaina aka fara ba. Ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta yi rahoto a 2020 a kan yadda ake amfani da bayanan kira a kamo wani na kusa da ɗan jarida a sa ya kira shi, haka aka kama Samuel Ogundipe na Premium Times a 2018. Lokacin da lauyana ya ba ni wannan labarin sai da tsigar jikina ta tashi don kamar labarina yake karanta min.

Ka kuma cire a ranka cewa in an kwana biyu ba a zo ba an manta. Kun tuna ɗalibin nan na jami'ar tarayya ta Dutse da ya yi rubutu da Hausa a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, a watan Yuni 2022 ya rubuta, sai Nuwamba aka je har makaranta aka ɗauke shi aka kai Abuja, wata biyar tsakani. Abin da ya fitar da shi kuwa surutun jama'a ne da ƙungiyoyin ɗalibai da Amnesty, har aka janye ƙarar a farkon Disamba. A zanga-zangar EndSARS ta 2020 asusun banki aka bi, babban banki ya samo umarnin kotu aka rufe asusu 20. A ta tsadar rayuwa ta Agusta 2024 har tela aka kama a Kano a kan ɗinka tutar Rasha, kuma duk mun ga yaran nan da aka kawo babbar kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, wata uku a tsare, ƙasusuwa a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa musu belin naira miliyan 10 kowane. Ba don bidiyon ya zaga duniya ba da Allah kaɗai ya san ranar fitowarsu.

Wanda kuma har yau in na tuna nake kasa barci shi ne Dadiyata. Malamin jami'a ne mai sukar gwamnati a Twitter, a farkon Agusta 2019 wasu mutane suka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Barnawa Kaduna da tsakar dare, hukumomin tsaro suka ce ba ya hannunsu, har yau ba shi ba labarinsa. Yana da mata da 'ya'ya. Allah ya bayyana shi. Abin da ke ƙona min rai kullum shi ne, a wannan ƙasar da aka iya gano wa na fi kira a cikin wata, 'yan bindiga suna kiran iyalan waɗanda suka sace a waya su yi cinikin kuɗin fansa na sati da sati, wani ma har a TikTok yake fitowa da fuskarsa. A 2021 da aka rasa yadda za a yi sai aka kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara, talaka ya rasa yadda zai kira ɗan uwansa. Duk wanda aka taɓa sace masa wani ya san wannan tambayar, me ya sa su ba a gano su, kuma ni ba wanda ya taɓa ba ni amsarta.

Ni kwana uku na yi, ba a kai ni kotu ba. Abin da ya cece ni bayan ikon Allah shi ne matata ta san inda nace zan je, da magariba ta yi ba ta same ni ba ta kira yayana, shi kuma ya nemo lauya a daren. Lauyan da ya zo bai ɗaga murya ba, ya dai ce musu sashe na 35 na tsarin mulki yace a kai mutum kotu cikin awa 24 ko 48, kuma dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ya nemi a saki abokina nan take. Aka sake shi. Ni kuma aka sa na rubuta takardar alkawari. Lauyan ya faɗa min wata magana da nake so ka riƙe, yace hoton makarantar ba laifi bane, allon kwangila ba laifi bane, inda na ba su ƙofa shi ne da nace wane ya cinye kuɗin alhali ba ni da takarda ko ɗaya a hannu. Da tambaya na yi, ina kuɗin da aka rubuta a allon nan, da sun sha wuya kafin su samu abin rubutawa a caji. Sashe na 24 na dokar intanet shi ne sandar da aka fi dukan mutane da ita, ɗaurin har shekara uku ko tarar miliyan 7, kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, a 2024 aka yi masa gyara aka rage faɗinsa, amma ba a daina kama mutane ba, in ba a samu nan ba sai a koma kan ɓata suna ko tunzura jama'a.

Bayan na fito ne na ga ainihin abin da ake so. Cikin sati ɗaya mutum sun fi sittin suka fice daga gurup. Wasu in na kira ba sa ɗauka, mu haɗu a masallaci su ce wallahi ka yi haƙuri, layinka ne muke tsoro. Mahaifiyata ta riƙe hannuna tana kuka tace don Allah ka rufa min asiri, ni kai nake so ba makaranta ba. Na yi wata takwas ban rubuta ko a ba. Mutum ɗaya aka kama amma gari guda ya yi shiru, kuma ajin nan uku damina ta sake wucewa a kansu ba rufi.

To game da gogewa, ni ba zan ce maka ka goge ba, kuma ka sani gogewar ba ta share komai, wanda ya kira ka ya riga ya ɗauki hotonsa. Ka koma ka karanta abin da ka rubuta da idon lauya. In akwai zagi ko ka kama sunan wani ka jingina masa sata ba hujja, ka gyara wannan wurin yau ɗin nan, ba tsoro bane, ko a addini ma ba a yarda ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba. In kuwa abin da ka gani da idonka ne, ba likita ba magani, wannan haƙƙinka ne, sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka. Ka ajiye hotunan asibitin a wani wuri da ba wayarka ba, ka nemi wasu 'yan garin su ma su faɗa da bakinsu don kar ya zama kai kaɗai, murya ɗaya ce take da sauƙin toshewa. Ka cire buɗe waya da yatsa ka koma lambar sirri. In wani ya kira ka yace ka zo wani wuri da gaggawa, ko da na kusa da kai ne, in muryarsa ta canza ka ce ya zo gida.

Lambar da ta kira ka kuma kar ka goge ta, ka rubuta ta a takarda da ranar da lokacin da abin da aka ce maka, ka ba mutum biyu a gidanku, wataƙila ma ba jami'i bane, wani ɗan koren ɗan siyasa ne, amma a ajiye. Ka sanar da Baba ko babban yayanka tun yau kar su ji a bakin wani. Akwai lauyoyi biyu a gidan nan, don Allah Barista ɗaya daga cikinku ya tuntuɓe shi ta gefe kafin dare, kai kuma ka haddace lambarsa a ka, don ranar da aka karɓe tawa wayar lambar matata kaɗai na iya tunawa.