Cire gidan ƙwai ko allurar wata-wata: wanne ya fi ga mai jinyar kansar nono?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni mace ce daga Tawa, shekaruna 36, ƴaƴana uku. An yi mini aikin kansar nono a Yamai, na kuma gama ƙarin ruwan shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Yanzu an ce sinadarin mata ne ke ciyar da irin kansar da nake da ita, saboda haka in zaɓa: ko a cire mini gidajen ƙwai biyu, ko a riƙa yi mini allura kowane wata. Maigidana ya fi son allura, ni kuwa zirga-zirga ta gajiyar da ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Hanyoyin nan biyu manufarsu ɗaya ce, wato rage sinadarin matan nan da ake kira istirojin, wanda kafin mace ta daina al'ada mafi yawansa daga gidan ƙwai yake fitowa. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun 1896 wani likitan fiɗa a Gilasgo ta ƙasar Birtaniya, George Beatson, ya ba da rahoton cewa kansar nono ta ja baya bayan ya cire gidan ƙwai. Ta fuskar hana ciwon dawowa ana ɗaukar su daidai, muddin allurar ta kama jiki kuma ana yin ta a kan lokaci.

Inda suka rabu shi ne, allura aro ce, tana sa gidan ƙwai barci ne kawai, fiɗa kuwa ba ta da komawa baya. Allurar goserelin, wadda aka fi sani da Zoladex, ana sa ta ƙarƙashin fatar ciki duk kwana 28, akwai kuma ta wata uku, kuma yawanci ana ɗaukar shekara biyar ana haɗa ta da ƙwayar tamoxifen ko letrozole. Idan aka daina, mace mai shekarunki sau da yawa al'adarta takan dawo, ko da yake shimiyo kan rage ƙwai. Idan kuwa aka cire gidajen biyu, haihuwa ta ƙare daga ranar. Saboda haka ki tambayi zuciyarki, ke kaɗai, kafin ki ji ta bakin kowa: kina da sauran burin goyo?

Wahalhalun kusan iri ɗaya ne: zafi mai taso wa mutum daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare har zane ya jiƙe, bushewar gaba, rashin barci da raunin ƙashi. Amma wadda aka yi wa fiɗa tana da shekara 36 za ta rayu shekaru masu yawa babu istirojin, abin da ke ƙara haɗarin karayar ƙashi da ciwon zuciya a gaba.

Gajiyarki kuwa ban raina ta ba, hujja ce ta likitanci. Tsakanin Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, ga kuɗin mota, ga na allurar, wadda kuma ba a so a ajiye ta inda zafi ya wuce digiri 25, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a watan Afirilu. Idan allura ta riƙa makara, gidan ƙwai yakan farka, kuma ga mai shan letrozole wannan haɗari ne na gaske, domin ƙwayar ba ta aiki sai gidan ƙwai yana barci. Ki tambayi likitanki ko za a iya yi miki ita a asibitin Tawa, ko a mayar da ke ta wata uku.

Idan akwai kansar nono ko ta gidan ƙwai a wajen uwa, ƴar'uwa ko goggo, ki faɗa masa, domin mai gadon matsalar ƙwayar halittar BRCA1 ko BRCA2, wadda ke ƙara haɗarin waɗannan cututtuka, an fi ba ta shawarar cirewa, har da bututun ƙwai.

A ganina, in dai kina da ɗan kokwanto, ki fara da allura na wasu watanni, ki ga yadda jikinki da aljihunki suka ɗauka. Fiɗar tana nan ko yaushe kika yanke shawara. A wannan tsakanin ki guji ɗaukar ciki, ki yi amfani da hanyar kariya da ba ta da sinadari, kamar kwaroron roba ko zaren mahaifa na jan ƙarfe, kuma idan kika ga jinin al'ada bayan wata biyu na farko da fara allurar, ki koma asibiti a auna istirojin ɗinki.